Jirgin Ƙaura da Taragon Talakawa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Talatar Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san hanyar jirgin ƙasa ba ta taɓa ratsa garinsu ba. Amma in ka zauna da dattawan waɗannan garuruwa, aka ɗauko hirar tafiye-tafiyen da, ba za a daɗe ba sai ka ji an ambaci jirgin Ƙaura. Wani ya ce a cikinsa ya fara zuwa Zariya, wani ya ce a cikinsa aka yanke masa aljihu da kuɗin cin raninsa, wani kuwa abin da ya ke tunawa shi ne daga Gusau har Funtuwa a tsaye ya tafi, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya bisa buhun wani. Abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai shi ne matsi. To, wannan matsi yana da asali, asalinsa kuwa yana cikin tarihin yadda aka shimfiɗa dogon tun farko.

Turawa sun fara aikin dogo a Nijeriya daga Ikko, ya isa Badun cikin 1901. A Arewa kuwa wani Gwamna ne mai suna Girouard, wanda dama shi injiniyan reluwe ne, ya sa aka kama aiki cikin 1907 daga Baro, a bakin kogin Kwara. Jirgi ya shiga Kano cikin 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas. Da shekara ta zagayo aka haɗa wannan hanya da ta Ikko a Minna, ko da ya ke a Jebba sai da aka yi ta ƙetarar da taragu cikin jirgin ruwa har 1916, lokacin da aka gama gada. Abin da Turawa su ke kwaɗayi a Arewa shi ne auduga, don masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa suka duba, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, sai suka cika musu tasha da ita.

In mai karatu ya sami taswirar Nijeriya ta wancan zamani, ya bi zanen dogo da yatsa, zai lura da wani abu. Kowace hanya daga inda amfanin gona ko ma'adini ya ke ta taso, ta nufi bakin teku, ko Ikko ko Fatakwal. Babu wadda ta haɗa Sakkwato da Katsina, ko Katsina da Kano, alhali kuwa tsakanin waɗannan birane ne mutanenmu suka fi zirga-zirga tun kaka da kakanni. Watau dai don kaya aka yi hanyar. Mutum kuwa raɓawa ya yi, kuma duk wanda ya raɓu da abin da ba dominsa aka yi ba, sai ya yi haƙuri da gefen da aka ba shi.

Haka aka yi da reshen da ya nufo Zamfara. Daga Zariya ya tashi, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ƙasar auduga da gyaɗa, ya tsaya a Ƙauran Namoda cikin 1929, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari. Tsawonsa ya fi mil 130. Gusau, garin Malam Sambo ɗan Ashafa, ta bunƙasa nan da nan, kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna da sikeli, baƙi daga kudu suka cika Sabon Gari. Ƙaura ma ta sami rabonta. Amma a wannan shekara ta 1929 ɗin ce kasuwar duniya ta karye, kuɗin gyaɗa da na auduga ya faɗi. Aka dai ƙarasa reshen Kano zuwa Nguru cikin 1930, da gadar Makurɗi cikin 1932, daga nan ba a sake shimfiɗa wata doguwar hanya ba sai 1958, da aka fara ta Barno, wadda ta isa Maiduguri cikin 1964. Dogo ya tsaya a Ƙaura, bai ƙara ko taku ɗaya yamma ba. Ƙasar Sarkin Mafara, da ta Sarkin Burmin Bakura, da ta Sarkin Kayan Maradun, har da Birnin Shehu kansa, duk aka bar su a baya.

Sabo da haka mutumin Bakura, kafin ya ga jirgi da idonsa, ya riga ya yi wata tafiya. Mutanen Maradun su ne suka fi kusa da Ƙaura, mai ƙarfin ƙafa ya yi sammako ya kwana can. Na Mafara sai ya kwana a hanya, na Bakura ya fi shi. Wanda ya sami motar da ta taso daga Sakkwato ta ɗauko shi a Mafara, bisa buhuna zai zauna har Gusau, cikin rana da ƙura. Ga shi kuwa jirgin fasinja ba kamar motar kasuwa ba ne, da za a ce in wannan ta wuce wata na tafe. In ya tashi ya bar ka, sai ka shimfiɗa tabarma a tasha, kana cin guzurin da ka tanada don Badun tun kana ƙasarku. Wannan ya sa ba wanda ke yarda a bar shi. Ko tarago ya cika maƙil, mutumin da ya yi kwana biyu a ƙasa ba ya jin maganar a jira na gaba.

Su wane ne ke cika taragun? Akwai fatake masu zuwa sarin goro, da almajirai masu nufin Zariya da Kano neman ilmi, da mata masu zuwa biki ko ganin gida, da sojojin da suka zo hutu. Amma mafi yawa 'yan cin rani ne. Lardin Sakkwato ya yi suna wajen cin rani. Da an gama girbi, an cika rumbu, samari da magidanta sai su fita neman kuɗin haraji da na aure da na tufafin iyali, su kuma rage wa rumbu baki. Cikin ranin 1952 zuwa 1953 an kafa masu ƙirga a kan hanyoyin fita daga Lardin, wani Bature malamin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya tattara lissafin, aka sami fiye da mutum dubu 250 sun wuce, galibinsu 'yan Lardin, sauran daga ƙasar Faransa ta arewa da mu. Gaskiya ne da yawa daga cikinsu a ƙasa suka tafi, ta wajen Yawuri zuwa ƙasar Yarbawa da Gwalkwas. To, amma ko kaɗan daga cikin wannan taro suka nufi tashar Gusau da ta Ƙaura, sun isa su cika 'yan taragun da a ke ba talakawa har su yi ambaliya.

Ga kuma inda abin ya haɗu ya cakuɗe. Lokacin fitar 'yan cin rani shi ne lokacin cinikin gyaɗa da auduga. Buhuna sun taru a tashoshi, kamfanoni suna matsa wa reluwe a kwashe musu kafin ruwa ya sauka ko ƙwari su ɓata. Kuɗin da reluwe ke samu wajen dakon kaya ya fi na fasinja nesa, don haka in kawunan jirgi suka yi ƙaranci, ba sai an tambayi wanda za a fara ba. Buhun gyaɗa yana da kamfani mai rubuta takarda Ikko. Ɗan cin rani ba shi da kowa sai sandarsa da butarsa.

Taragun fasinja hawa uku ne. Akwai faskila, mai kujerun laushi da wurin kwanciya, ta Turawa da manyan ma'aikata. Akwai sikinkila, ta akawuna da attajirai. Sa'an nan na uku, na talakawa, mai bencin katako. Wahalarsa tun daga tagar sayen tikiti ta ke farawa, taga ɗaya, akawu ɗaya, mutane kuwa ba masaka tsinke. Wanda bai iya karatu ba bai san abin da aka rubuta masa a tikitin ba, bai kuma san ko canjin da aka miƙo masa ya cika ba, ga na baya suna turo shi. A nan mai karatu zai ga amfanin yaƙi da jahilci ko a wurin da bai zata ba. Da jirgi ya tsaya, sai ka ce an watsa wa kaji tsaba. Masu sauka suna son fita, masu hawa sun toshe ƙofa. Samari su kama taga su haura, a miƙa musu kaya, wani lokaci har yara ta taga a ke miƙawa. Tsoho da mai ciki da mai goyo su ne na ƙarshen shiga.

A ciki kuwa, kowa da kayansa ya ke tafe, don talaka ba ya yarda ya rabu da ƙunshinsa. Ga tabarmi, ga ƙwarya, ga buhun gero, ga kwandon kaji ƙarƙashin benci. Bencin da aka yi don mutum biyu ko uku sai ya ɗauki biyar, hanyar tsakiya ta cika da na zaune bisa kaya, bakin ƙofa da na tsaye. Kan jirgin na wancan zamani da kwal ɗin Inugu ya ke aiki. In an buɗe taga, hayaƙi da ɓurɓushin kwal su shiga ido, farar riga ta koma baƙa, in an rufe zafi ya hana numfashi. Wanda ya tashi zuwa kewaye ya san ya yi ban kwana da wurinsa, don haka mutane su kan ƙi shan ruwa, su yini da ƙishirwa. Lokacin salla ya yi, ba wurin alwala, balle na sujada, sai a jira tasha, a sauka a guje, ana yi kunne yana wajen usur. Hanyar kuma tilo ce, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tasha, sabo da haka sau da yawa a kan ajiye jirgin fasinja a wata 'yar tashar daji, cikin tsakar rana, ana jiran wani ya wuce, ba wanda zai gaya wa na ciki ko minti goma za a yi ko awa uku. Dattawa sun ce wannan tsayuwar ta fi tafiyar cin rai, gama in jirgi na gudu iska na shiga, zuciya kuma ta san ana rage hanya.

In an isa Zariya, mai nufin kudu sai ya sauka ya nemi jirgin da ya taso daga Kano, wanda Kanawa suka riga suka cika tun daga tushe. Duk kokawar da ya yi a Gusau sai ya sake ta, wannan karo a baƙon wuri, cikin mutanen da bai sani ba, da ɗaruruwan mil a gabansa.

Yaƙin Hitila, na 1939 zuwa 1945, ya ƙara tsananta al'amarin. Sojoji da kayan yaƙi suka cika hanya, sababbin kawunan jirgi da kayan gyara suka daina zuwa daga Ingila. Daga 1942 zuwa 1944 Gwamnati ta yi abin nan da a ke kira diban gwamna, aka riƙa tara talakawa tilas daga larduna, har da na Sakkwato, ana kai su haƙar kuza a ƙasar Jos, inda sanyi da cuta suka halaka da dama. Waɗannan ko tikiti ba su saya ba, ba su kuma zaɓi tafiyar ba. Cikin watan Yuni na 1945 ma'aikata suka yi babban yajin aiki, ma'aikatan reluwe na kan gaba, da shugabansu Michael Imoudu, jirage suka tsaya cik fiye da kwana 40. Bayan yaƙi gyaɗa ta yi ta taruwa a Kano, reluwe ta kasa kwashe ta shekara da shekara, har aka jera dalar nan da a ke ɗaukar hotonta. Mutane suna kallon dala su ce arziki ne, arziki ne kuwa, amma kuma shaida ce ta ƙarancin jirgi. Inda gyaɗa mai uban gida ta yi shekara tana jira, ina ga mutum? Cikin 1955 aka mai da reluwe hukuma mai zaman kanta, aka kuma fara kawo kawuna masu aiki da man dizal. Hayaƙi ya ragu, amma matafiya sai ƙaruwa su ke yi, har cikin 1964 jiragen Nijeriya suka ɗauki fasinja fiye da miliyan 11.

To, mene ne matsi ke yi wa mutum? Mutanenmu sun san amsar a jikinsu, amma sai daga baya masana suka auna ta. A ƙasar Suwidin, wajen 1976, wani malami mai suna Ulf Lundberg ya bi ma'aikatan da ke shiga jirgi kowace safiya zuwa birnin Istokholm. Akwai wani sinadari da jikin ɗan Adam ke fitarwa in ya firgita ko ya takura, shi ke sa zuciya bugawa da sauri, ana kiransa adiranalin, ana kuma iya ganin yawansa a cikin fitsari. Da aka auna, sai aka ga ranar da tarago ya fi cika, sinadarin ya fi yawa. Abin mamaki kuma, waɗanda suka hau tun daga tashar farko, masu doguwar tafiya, nasu bai kai na waɗanda suka hau a tsakiyar hanya ba. Dalili kuwa, na farko sun tarar da tarago fayau, sun zaɓi wurin zama da abokan zama, sun ajiye kayansu inda su ke so. Na biyu sun shigo ne cikin abin da wasu suka riga suka tsara. Cikin 2007 wasu malamai biyu na Amurka, Gary Evans da Richard Wener, suka yi irin wannan awo da yawun masu shiga jirgi zuwa birnin Niyok, suka ga yawan mutanen tarago duka bai kai na kusa da kai tasiri ba, watau wanda kafaɗarsa ke gogar taka. Jiki magayi.

In aka ɗora wannan a kan jirginmu, sai a ga Ƙaura ita ce tashar farko. Mutumin Maradun da ya taka zuwa can ya tarar da jirgi tsaye, ya shiga ya kama gefen taga, shi da 'yan garinsu, ya fi wanda mota ta sauke a Gusau kwanciyar rai, ko da ya ke ya fi shi nisan zama a benci. Ƙarshen dogo da ya zama abin takaici ga ƙasar yamma, ya zama ɗan sauƙi ga wanda ya iya kai kansa wurin. A komowa kuma sai abin ya juya, ana nisa da Zariya ana raguwa, kafin a kai Ƙaura mai son miƙe ƙafa ya miƙe.

Amma akwai bambanci tsakaninmu da mutanen da aka auna. Su kullum ne, safe da yamma, shekara da shekaru. A Tokiyo ta ƙasar Japan har ma'aikata aka ɗauka masu farin safar hannu, aikinsu tura mutane cikin tarago don ƙofa ta rufu. A Mumbai ta Indiya miliyoyin mutane ke shiga jirgin cikin gari kowace rana, masu faɗowa daga ƙofa su mutu ba su da iyaka. A nan gida ma an daɗe ana ganin ma'aikatan Ikko bisa rufin jirgin da ke kai su Iddo da safe. Ɗan cin ranin Mafara kuwa sau biyu ne a shekara, tafiya da komowa. Sai dai tasa kwana da kwanaki ce, da yunwa, da tsoron ɓarayi, ga dukiyar rani guda ɗaure a ƙugunsa, ba ya iya runtsawa. Ban ga wadda zan ce ta fi sauƙi ba.

Abin da ya taimaki mutanenmu shi ne ba su cika tafiya ɗai-ɗai ba. 'Yan gari ɗaya su kan haɗu ƙarƙashin wanda ya taɓa zuwa, kamar madugun ayarin da. Shi ke karɓar kuɗi ya sayo tikiti, ya tura samari biyu su kama benci, ya raba tsaron kaya da dare. A yi karɓa-karɓar zama, yaro ya tashi ya ba dattijo, a fasa goro a miƙa wa maƙwabci ko ba a jin harshensa. Wanda ya ci goronka da wuya ya take maka ƙafa bai ce gafara ba. Ba a rasa faɗa, musamman wajen taga da wajen kaya, amma in aka duba yawan jama'a da tsawon hanya, abin da ya kamata a yi mamaki shi ne ƙarancinsa.

Daga baya mota ta ƙwace kasuwar. Aka zuba wa hanyoyi kwalta, hanyar Gusau zuwa Sakkwato kuwa ta ƙofar Mafara ta bi, ba sai an yi tattaki ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar Fatakwal, gyaɗa ta ja baya, kuɗin man fetur ya sa Gwamnati ta mai da hankali ga tituna. Cikin 1974 fasinjan jirgi sun ragu zuwa miliyan 4 da 'yan kai. An ɗauko Indiyawa daga 1979 zuwa 1982 suka ɗan farfaɗo da shi, da suka tafi ya sake kwanciya. Jirgin Ƙaura ya yi ta raguwa har aka yi shekaru ba a jin usur ɗinsa. Matsin kuwa bai mutu ba, sauka ya yi ya hau mota, inda a ke ɗora mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, wasu bisa kayan tirela.

Cikin 2016 aka buɗe sabuwar hanyar jirgi tsakanin Abuja da Kaduna, mai taragu masu sanyi. Ba a daɗe ba masu satar mutane suka addabi titin mota na tsakanin biranen biyu, sai kowa ya gudo jirgi, manya da ƙanana, har da mutanen Zamfara masu zuwa Abuja. Tsohon labari ya komo sabo: kokawa a tagar tikiti, masu saye su ɓoye su sayar da tsada, mutane tsaye a hanyar tsakiya daga Rigasa har Idu. Cikin 2021 aka koma sayar da tikiti ta waya don a rage wannan. Ran 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka dasa wa jirgin bam da dare, suka kashe wasu, suka kwashe mutum fiye da 60 zuwa daji, bai sake tashi ba sai watan Disamba na shekarar.

Cikin 2021 ɗin dai aka ƙaddamar da aikin wata hanya daga Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya aka zana ta. Jibiya kuwa tana gabas da Ƙaura, Mafara da Bakura da Maradun suna yamma, inda dogon 1929 ya bar su.